Finafinan Indiya na 2001: Lagaan ko Kabhi Khushi Kabhie Gham?

Baban Ummi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da na daɗe ina son mu baje ta. A duk shekarun da muka yi muna kallon Indiya, ni ban ga wadda ta kai 2001 albarka ba. Ranar 15 ga Yuni kaɗai Lagaan da Gadar suka fito tare, kuma babu wanda ya kashe wa wani kasuwa. Kafin su akwai Chori Chori Chupke Chupke a watan Maris, bayansu Dil Chahta Hai a Agusta, Nayak a Satumba, sai Kabhi Khushi Kabhie Gham ya rufe shekarar a Disamba.

Ga nawa jerin. Chori Chori ne na biyar, Gadar na huɗu, Kabhi Khushi na uku, Nayak na biyu. Na ɗaya kuwa Lagaan ne, kuma ratar da ya ba sauran ba kaɗan ba ce.

Dalilina shi ne, duk cikinsu shi kaɗai na kalla na ga mutanen da na sani. Ƙauye ne a 1893, damina ta ƙi, ƙasa ta tsage, Baturen soja kuma ya ninka haraji don kawai ya wulaƙanta sarkinsu. Sai ya sa musu caca: ku ci mu a wasan kurket a yafe muku harajin shekara uku, ku faɗi ku biya ninki uku. Akwai wurin da hadari ya haɗo, gari ya yi baƙi, kowa ya fito yana murna da tsalle, sai iska ta kwashe gajimaren ko ɗigo bai sauka ba. Duk wanda ya taɓa shuka masara a Giwa ko Soba ruwa ya ɗauke masa bayan tsiro ya san wannan kallon da suka bi sama da shi. Fim ne na kusan awa huɗu a kan wasan da yawancinmu ba mu san dokarsa ba, amma babu mai tashi. To bismillah, kowa ya kawo nasa.

Maman Hanif, Gyallesu:
Wa alaikumus salam. Haba Baban Ummi! Kabhi Khushi na uku? Wallahi ban yarda ba. Je ka tambayi matan Zariya tun daga Kwarbai har Palladan wane fim ne na wannan shekara, ka ji abin da za su ce maka. Amitabh, Jaya, Sharukan, Kajol, Hrithik, Kareena, ga Rani ta leƙo, duk a fim guda. Wa ya sake haɗa irin wannan?

Autan Zaure:
Ina bayanki Anti. Ni an haife ni bayan fitowarsa ma, amma na san shi tun ina rarrafe don kullum yana kunne a ɗakin Umma.

Baban Ummi:
Maman Hanif, tara taurari daban, labari daban. Gidan da ake sauka da jirgi mai saukar ungulu a tsakar gida, a shiga da gudu ana kaɗa ƙararrawa, wane ne a cikinmu ya san wannan rayuwar? Kuka ne na masu kuɗi.

Maman Hanif:
A'a, tsaya. Kai gidan ka kalla, ni mutanen cikinsa na kalla. Rahul ɗan riƙo ne. Tun yana yaro ya san ba su suka haife shi ba, shi ya sa duk abin da uban ya ce sai ya ce to, yana ganin bashi ne a wuyansa. Ranar da ya auri 'yar talakawa daga Chandni Chowk, uban ya buɗe baki ya nuna masa cewa ba jininsa ba ne. Ka ce min ba ka san wannan ba a garin nan? Gida nawa ne babu ɗan riƙo? Ni a hannun gwaggona na tashi, ta riƙe ni da amana Allah ya jiƙanta, amma na san yadda ɗan riƙo yake auna kowace magana kafin ya furta. Ranar da muka kalle shi da ita, da aka zo wurin nan sai ta miƙo hannu ta kama nawa ta riƙe, ba ta ce komai ba har kaset ya ƙare.

Sannan uwar. Shekara goma Jaya tana haɗiye abin, tana yi wa miji biyayya, ɗanta yana Landan ba ta ko jin muryarsa. Da ta tashi magana a ƙarshe ba ta ɗaga murya ba, ta dai gaya masa cewa ya yi kuskure, ya raba uwa da ɗanta. Matan da suke zaune a gidajen da maigida ya yi fushi da ɗa ya ce kada wanda ya sake ambaton sunansa, su suka san nauyin wannan wurin. Kajol ta ci kyautar Filmfare ta jaruma da fim ɗin, Jaya ta ci ta mataimakiyar jaruma. Ba a banza ba.

Kawu Tela, Sabon Gari:
Sannunku yara. Maman Hanif, maganarki ta shiga jikina, amma ku bar ni in goyi bayan Baban Ummi, don ni na ga haraji da idona. Ku ba ku gan shi ba. Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a jihar Kaduna bayan ya hau mulki a 1979, Abubakar Rimi ma ya soke a Kano, shi ya sa kuka tashi ba ku san shi ba.

Muna yara a ƙauyenmu, da kaka ta yi sai mai unguwa ya fara zagaye da littafi, dogari na biye. Mahaifina yana da wani ɗan gwangwani da yake ajiye takardun shaidar biya, a naɗe da tsumma, a soke a jikin azara. Idan zai je kasuwa sai ya ciro ta bana ya ninke ya sa a cikin hula, don ana iya tare mutum a hanya a ce ya nuna. Shekarar da amfani bai yi ba, akuyar innarmu aka ja aka kai kasuwa. Na ga magidanci mai 'ya'ya an zaunar da shi a rana a ƙofar dagaci. To da na ga mutanen Champaner, ƙauyen da ke cikin Lagaan, sun tafi wurin sarkinsu suna roƙo, shi kuma ya nuna musu hannunsa a ɗaure yake don Bature ne a samansa, sai na ce wannan ai tsarin En'e ne sak. Bature ba ya zuwa ƙofarka, naka yake turowa. A 1902 suka shigo Zazzau zamanin Sarki Kwasau, shekara tara kacal bayan lokacin da aka sa labarin fim ɗin. Kuma kun lura da inda aka tura Kyaftin Russell, Baturen sojan nan na fim ɗin, bayan ya sha kaye? Afirka aka jefo shi.

Baban Ummi:
Allah ya ƙara girma Kawu. Abin da nake ta son faɗa ke nan.

Ɗan Samaru:
Kawu ya yi magana ba mai ja. Amma Yaya Baban Ummi, ina da ƙorafi babba: ina Dil Chahta Hai a jerinka? Ko na biyar bai samu ba? Muna ABU lokacin, kuma wallahi fim ɗin nan ya canja yadda muke kallon Indiya. Babu bos, babu uban da ya hana aure da bindiga, babu akta ɗaya ya doke mutum hamsin. Abokai uku ne suka gama makaranta rayuwa ta fara raba su. Sid ya kamu da son matar da ta girme shi, bazawara mai fama da shaye-shaye, Akash ya yi masa ba'ar da ba ta dace ba, Sid ya wanke shi da mari, shi ke nan zumunci ya tsinke. Duk wanda ya taɓa rasa aboki saboda magana ɗaya da aka faɗa cikin wasa zai gane. Farhan Akhtar yana da shekara 27 ya yi shi, fim ɗinsa na farko. Kuma ku duba Aamir Khan: a Yuni yana manomi da ɗan bante, a Agusta yana ɗan gayu da ɗan gemu a ƙarƙashin leɓe. Wata biyu tsakani. Ni nawa: Dil Chahta Hai, Lagaan, sai sauran su biyo yadda suka ga dama.

Hajiya Ƙarama, Kofar Doka:
Ɗan Samaru, wannan fim ɗin 'yan jami'a ne. A cikin gari ba mu san shi ba. Mai shagon hayar kaset na layinmu kwafi ɗaya ya ajiye, kullum yana nan a kanta ya yi ƙura. Kabhi Khushi kuwa sai ka rubuta suna ka jira layi.

Ɗan Samaru:
Hajiya, ai rashin masu haya ba ya rage wa fim daraja.

Hajiya Ƙarama:
Bai rage ba, amma fim ɗin da ba za ka iya kallo da surukarka a ɗaki ba, ni ba na sa shi a gaba. Mu fa kallo taro ne. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarma, a fito da talabijin tsakar gida, yaran maƙwabta su cika ƙofa, wadda ta riga ta gani tana yi wa sauran bayani ana ce mata ta yi shiru. In aka ɗauke wuta a tsakiya, kowa ya zauna a wurinsa cikin duhu ana musun abin da zai faru, kaset kuma ya maƙale a cikin bidiyo, gobe mai shago ya caje ka kuɗin kwana. Fim ɗin da ya riƙe mutum talatin a irin wannan zama, shi ne fim.

Ni abin da ya kawo ni ma Chori Chori ne. Baban Ummi, me ya kai shi cikin biyar? Mace ta yi ɓari, likita ya ce ba za ta sake haihuwa ba, sai ita da miji suka ɗauko mai zaman kanta suka tafi da ita Suwizalan ta haifa musu, suna ɓoye wa dangi. Har yau ina tuna kakarmu da ta ji bayanin, ta ce to shi wannan bawan Allah me ya hana shi ƙara aure a huta?

Baban Ummi:
Preity Zinta ce ta kai shi, Hajiya. Yadda ta fara a matsayin wadda kuɗi kawai take so, har cikin ya girma ta fara jin ɗan nata ne, ta ƙi rabuwa da shi. Labarin ba namu ba ne, na yarda da ke, su dokarsu ba ta ba Hindu damar mace biyu ba. Amma zafin rashin haihuwa da matsin dangin miji, wannan kam ba sai an yi mana fassara ba.

Malama Ta Kongo:
Ina karantawa tun ɗazu. Ni a kan Gadar zan yi magana, kuma ina roƙon a fahimce ni. Ba zan iya sa shi a jerin waɗanda nake so ba. Na san shi ya fi kowane fim kawo kuɗi a cikin Indiya a shekarar, na san rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 masifa ce da ta raba miliyoyin mutane da gidajensu, kuma kowane ɓangare ya yi kisa. Farkon fim ɗin ya nuna haka, jiragen ƙasa cike da gawarwaki ta nan da ta can. Amma daga lokacin da Tara Singh ya tsallaka Lahore neman matarsa Sakina, kusan duk Musulmin da aka nuna ko mayaudari ne ko matsoraci. Mun zauna a nan muna tafi yana tumɓuke famfon burtsatse yana bugun mutane masu irin sunayenmu. Ko a Indiya sai da wasu Musulmi suka yi zanga-zanga a kansa. Ina mamakin yadda muka wuce wannan ba mu tsaya ba.

Autan Zaure:
Anti Malama, ai fim ne kawai. Ni faɗan nake kallo. Da Gadar 2 ya fito a 2023 ma mun kalla.

Malama Ta Kongo:
Auta, ba na hana ka kallo. Amma ka ajiye shi kusa da Lagaan ka gani, rana ɗaya suka fito. A tawagar Bhuvan, jarumin Lagaan, akwai Isma'il Musulmi, akwai Deva ɗan Sikh, akwai Kachra wanda mutanen gari ba sa ko taɓa shi saboda asalinsa. Da aka ce zai shiga wasa dattawa suka ce sam, Bhuvan ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa ya ce in babu shi babu wasa. Kuma hannunsa shanyayye da ake raina shi a kai, shi ne ya sa ƙwallonsa take juyawa Turawa suka kasa bugu. Fim ɗaya ya tara mutane, ɗayan ya nuna maka wanda za ka ƙi. Mu da muka ga abin da ya faru a Kaduna a 2000, bai kamata wannan bambancin ya wuce mu ba.

Baban Ummi:
Malama, maganarki tana da nauyi. Na bar shi a na huɗu ne saboda rabin farko, da waƙoƙinsa, da Amrish Puri. Mutumin nan a shekarar kaɗai ya fito uban Sakina a Gadar, ya fito azzalumin shugaba a Nayak, ya fito kaka mai taushin zuciya a Chori Chori. Tun da ya rasu a 2005 ba a sake samun bos mai idonsa da muryarsa ba. Amma ban musa abin da kika ce game da rabin ƙarshe ba.

Abban Sadiq, Hanwa:
Ku dakata, ba wanda zai ambaci Mohabbatein?

Ɗan Samaru:
Na 2000 ne Yaya, Oktoba. Devdas kuma 2002, kafin wani ya kawo shi.

Abban Sadiq:
To mu a 2001 ya zo hannunmu. Kuma in haka ne, Kabhi Khushi ma ranar 14 ga Disamba ya fito, ana cikin azumi gab da ƙaramar Sallah. Wa ya gan shi a Zariya kafin shekara ta ƙare? Yawancinmu a 2002 muka kalla. Ni a ganina shekarar fim ita ce shekarar da ya shigo gari.

Baban Ummi:
Abban Sadiq, in muka bi haka kowa da tasa shekarar, na Sabon Gari ya riga na Kusfa gani. Mu tsaya a ranar fitowa.

Abban Sadiq:
Na ji. To a kan wannan ƙa'idar Nayak ne nawa na ɗaya, kuma na yi murna da ka sa shi na biyu. A sinimar Indiya bai yi kasuwa ba, talabijin ce ta raya shi daga baya, amma mu nan tun farko muka karɓe shi. Ɗan jarida ya titsiye babban ministan jiha da tambayoyi kai tsaye, shi kuma cikin fushi ya ce in ka isa zo ka riƙe kujerar kwana ɗaya. Anil Kapoor ya karɓa. Yana yawo da mai keken rubutu a bayansa, duk jami'in da aka kama da cuwa-cuwa a buga masa takardar dakatarwa nan take. Muna shekara biyu da komawa mulkin farar hula lokacin, kowa yana da jerin mutanen da yake so a buga wa irin wannan takardar. A majalisarmu an yi wata guda ana cewa, kai da za a ba ka kwana ɗaya me za ka fara yi?

Malama Ta Kongo:
Ina son Nayak, amma ku tuna ƙarshensa. Da ya rasa yadda zai yi da tsohon ministan, sai ya harbi kansa a hannu ya jefa masa bindigar, masu gadi suka shigo suka bindige shi. Ƙarya ya shirya aka kashe mutum. Shi da kansa ya faɗa cewa sun mayar da shi ɗan siyasa irinsu. Darakta Shankar bai ɓoye wannan ba, mu ne muka fi riƙe wurin takardun kora. Korar mutum ba tare da an saurare shi ba tana da daɗin kallo in azzalumi ne, ranar da ta faɗo kan naka fa?

Abban Sadiq:
Malama, wanda ya yi shekara yana bin fansho ofis-ofis ba zai ji wannan ba.

Kawu Tela:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, shi ya sa fim ɗin yake da rai har yanzu. Amma ga abin da ya sa na fifita Lagaan a kansa. Nayak mutum ɗaya ne ya zo ya gyara gari, saura suna tafi. Lagaan kuwa Bhuvan shi kaɗai ba abin da zai iya. Sai da maƙeri ya shigo, mai kiwon kaji ya shigo, mai maganin gargajiya, bebe mai ganga, har Lakha da ya ci amanarsu yana kai wa Turawa rahoto, da asirinsa ya tonu ba a kashe shi ba, aka ba shi dama ya wanke kansa a fili. Ni na fi gaskata wannan hanyar.

Maman Hanif:
Kawu, ba na ja da kai, amma har yanzu ina nan a kan bakata. Ku maza kuna auna fim da haraji da mulki. Mu muna auna shi da abin da ke faruwa a cikin ɗaki. Ba wanda ya fi wani zama gaskiya.

Baban Ummi:
Ban ƙi ba Maman Hanif. Sai dai a ƙara da cewa duniya ma ta shaida: Lagaan ya shiga biyar ɗin ƙarshe na Oscar a rukunin finafinan harsunan waje, na uku daga Indiya bayan Mother India da Salaam Bombay. Wani fim na Bosniya, No Man's Land, shi ya ɗauka a 2002.

Maman Hanif:
Kabhi Khushi kuma ya fi kowane fim ɗin Indiya kawo kuɗi a ƙasashen waje a lokacinsa. Su alƙalai suka zaɓa, mu masu kallo muka zaɓa.

Autan Zaure:
To ni yanzu kun sa zan nemi Lagaan. Na taɓa farawa na bari saboda ban gane wasan ba. Wani ya taimaka, me ya sa a ƙarshe Baturen ya cafe ƙwallo amma aka ce su suka faɗi? Na ga guntun wurin a waya.

Kawu Tela:
Auta, ba wuya. Na koyi kaɗan wurin wani tsohon ɗan Barewa da nake yi wa ɗinki, su an koya musu a makaranta. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ɗaya yana jifa, ɗaya yana bugu da katako yana kare sanduna uku da ke bayansa. In ya buga, shi da abokinsa su yi gudu su yi musayar wuri, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallo ta gangara ta fita iyakar fili maki huɗu, in ta tashi sama ta fita ba ta taɓa ƙasa ba maki shida. In kuma wani ya cafe ta a sama a cikin fili, mai bugu ya fita. A jifan ƙarshe Kachra ne ya buga, makin bai isa ba, kowa ya ɗauka an gama. Sai alƙali ya ce mai jifa ya taka layi, a sake. Musayar da suka yi ta kawo Bhuvan wurin bugu. Ya ɗaga ta sama, Russell yana ja da baya idonsa a kan ƙwallo har ya cafe, bai lura ƙafafunsa sun riga sun fita iyaka ba. Ka samu wanda ba a yanke ba, ka fara bayan la'asar, ka tsaya ka yi magariba da isha'i, sannan ka shiga kwana ukun wasan.